A Tace Bayanan Kwamfuta, Ko A Yi Musu Alama?

Duk ɗan kasuwar Terminus a Jos da na'urar POS ta taɓa cire wa mai sayayyarsa kuɗi ba su iso ba, ya san darajar shaida. Shaidar kuwa tana cikin kundin da manhajar banki ke rubuta abin da ya wakana. Tsare-tsare irin su Log4j suna ba da damar tace ƙananan bayanai domin rage kuɗin ajiya, ko kuma liƙa wa kowanne alama. Tacewa tun wurin rubutu ganganci ne, domin abin da aka zubar ba zai dawo ranar taƙaddama ba. Bayanan sirri irin lambar kati ne suka cancanci cirewa, musamman bayan dokar kare bayanai ta 2023. Sauran a yi musu alama, a tace lokacin bincike.