"Diff": Guntuwar Kalma Mai Fuska Uku

'Yan'uwana ɗalibai, a zangon da ya wuce na rubuta insha'i da Turanci a kan rayuwar birni da ta ƙauye. Don sauri, sai na rubuta "diff" a maimakon "difference", wato bambanci, har sau huɗu. Da takardata ta dawo, malaminmu ya zagaye duka huɗun da jan biro, ya kuma rage mini maki. A gefe ya rubuta tambaya ɗaya: "Wane diff kake nufi?" Na ji haushi ƙwarai, amma da na bincika sai na ga gaskiyarsa.

Ashe kalmar nan fuska uku gare ta. A hirar yau da kullum, Turawa kan gutsure "difference" su ce "diff", kamar yadda mu ma kan gutsure sunan aboki. A wurin makanikai kuwa, "diff" shi ne ƙarfen nan mai haƙora da ke tsakanin tayoyin mota, wanda ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan ana shan kwana. Ga masu aikin kwamfuta kuma, sunan wata manhaja ce da Douglas McIlroy ya rubuta a Bell Labs ta ƙasar Amurka, ta fito cikin tsarin Unix a 1974. Aikinta shi ne ta ɗauki rubutu biyu ta gwada su layi-layi, ta nuna abin da aka ƙara da abin da aka cire.

To, ra'ayina shi ne, gutsure kalma ba laifi ba ne. Makanike da yaronsa sun fahimci juna, haka ma masu kwamfuta. Guntuwar kalma tana aiki ne tsakanin waɗanda suka riga suka san zancen. Amma mai duba takardar jarrabawa bai san mu ba, kuma ba zai kira mu ya tambayi nufinmu ba. Abin da ya gani a takarda, shi zai yi wa hukunci. Haka ma wanda za mu rubuta wa takardar neman aiki gobe.

Wani zai ce ai lokaci ake ceto. Haruffa shida ne kawai tsakanin "diff" da "difference". Daƙiƙa nawa ke nan? Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, ni kuwa na gani da idona a jan biro.

Saboda haka, ƙannena da ke bayanmu, ku yi ta gutsure kalmominku a ɗakin kwana da filin ƙwallo. Amma idan kun zauna rubuta jarrabawa ko wasiƙa zuwa ga manya, ku rubuta kowace kalma cikakkiya. In kuwa da Hausa ne, ga "bambanci" nan, ba ta da fuska biyu.