Ka yi waƙa, to wa zai yi maka sanƙiranci?

Yin waƙa ya daina zama abin wahala a Katsina. Daga Ƙofar Guga har Ƙofar Ƙaura, ka zauna a majalisar samari biyu ko uku, da wuya ka tashi ba a nuna maka wanda yake da waƙa a waya ba, tasa ta kansa, wadda ya tara kuɗi ya shiga situdiyo ya yi. Ɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya, makirfo da yaro mai haɗa kiɗa, an gama. Babu kamfani, babu ubangida, babu furodusan fim da zai ce maka ka dawo gobe. Wannan 'yanci ne, kuma ba ƙarami ba.

Matsalar tana farawa ne ranar da waƙar ta fito. Kowa ya san yadda ake yi: a jefa ta a guruf goma na WhatsApp lokaci ɗaya, har da guruf ɗin 'yan ajinku na sakandare da na ta'aziyyar unguwa, a rubuta "sabuwa fil, a taya ni shiyarin", a saka hoton wuta guda biyar. Abokai ashirin su danna laik, rabinsu ba su ma saurara ba. Bayan sati ɗaya shiru kake ji. Sai mawaƙi ya hau sitatus yana cewa 'yan Arewa ba sa son nasu, 'yan Katsina hassada gare su. Wani lokacin akwai hassadar, ba a musu. Amma sau da yawa ba a ƙi waƙar ba, ba a ma san da ita ba, domin babu wanda ya yi wa mutane magana. An dai jefa musu abu.

Mutanen da suka riga mu a wannan sana'a ba haka suke yi ba, kuma ba sai mun je nesa ba. Mamman Shata ɗan Musawa ne. Ya rasu a 1999, shekara goma sha ɗaya bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma har yau ana sa shi a mota da shagon tela da teburin mai shayi. In ka kalli tsoffin bidiyoyin wasansa, ko na sauran makaɗan zamaninsa, za ka ga mawaƙi bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba. Ga masu kalangu, ga 'yan amshi, ga kuma sanƙira, wato maroƙin da aikinsa magana ce kawai. Shi zai sanar da taro wanda ya iso, ɗan wane ne, jikan wane ne. Shi zai ɗaga murya ya faɗi wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar, ya yi godiya a bainar jama'a. Shi ke lura da inda taro ya yi sanyi ya zuga shi. Mutum ya zo kallo, sai ya koma gida da labarin cewa an ambaci sunansa. Gobe ko ba a gayyace shi ba zai zo, ya kuma jawo wani.

Mawaƙin da ke cin gashin kansa a yau ya gaji muryar, ya sami kiɗan a kwamfuta, amma ya bar sanƙira a baya, kuma ba shi da kuɗin ɗaukar wani. Dole shi zai zama sanƙiran kansa. Ma'anar wannan a aikace ba wata boyayya ba ce. Wanda ya tsaya ya rubuta maka sharhi na layi uku a ƙarƙashin bidiyo, ya yi maka kyauta ne, da lokacinsa da datarsa, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan kyautar ta ƙara tsada. Ka amsa masa da sunansa. In tambaya ya yi, ka ba shi amsar tambayar, ba hoton zuciya ba. Abin mamaki, yaro mai mabiya ɗari takwas ya riga ya koyi shan ƙamshin da ko masu miliyan ba duka ke yi ba, wai kada a raina shi. Malam, wa ya san ka ballantana ya raina ka?

Sai kuma tambayar da kusan babu mai yi wa kansa kafin ya shiga situdiyo: da wa nake magana? Barmani Choge ta Funtua, wadda ta rasu a 2013, ba ta taɓa ruɗewa a kan wannan ba. Da ƙwarya da kiɗan amada ta yi magana da mata a cikin gida, a kan sana'a da kishi da haihuwa, da harshen da suke yi a tsakar gida idan babu namiji a kusa. Maza sun ji sun kuma so, amma ba don su aka yi ba. Yau sai ka ji waƙa ɗaya baitin farko na soyayya, na biyu habaici ga maƙiya, na uku kirarin wani ɗan siyasa ko Allah zai sa ya ji, kiɗan kuma na Legas. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma wannan ko shi mai waƙar bai sani ba.

Dubi abin da ya faru da Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020. Lokacin kullen korona ne, mutane na zaune a gida, sai matan aure suka fara ɗaukar bidiyo suna rawa da waƙar a gaban mazajensu suna sakawa a intanet. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, malamai suka yi magana, wasu suka yaba wasu suka tsine, waƙar kuwa ta shiga ko'ina. Ba kuɗin talla ne ya kai ta ba. Masu sauraro ne suka sami abin yi da ita, suka zama 'yan amshinta. Tun daga lokacin kowa ke ƙirƙiro gasar rawa a TikTok ranar da ya saki waƙa, yawancinsu kuma su mutu a kwana biyu, saboda an kwaikwayi gasar an manta cewa waccan waƙar ta faɗi abin da wata mace ke son ta gaya wa mijinta ne. Namenj ma ta wata ƙofar ya shigo: gajerun bidiyoyi yana rera fitattun waƙoƙin kudu da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga emPawa Africa na Mr Eazi. Kafin ya nemi mutane su saurari nasa, sai da ya saba musu da muryarsa a kan abin da suka riga suka sani.

Yanzu maganar inda masu sauraron suke, domin nan ne ake yawan yaudarar kai. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma kamfanin ya ce a 2024 mawaƙan ƙasar nan sun sami sama da naira biliyan 58 ta hanyarsa. Adadi ne mai sa mutum ya kasa barci. Amma tsaya a bakin titi a Ƙofar Guga da yamma ka saurari abin da ke tashi daga Keke Napep da shagunan caji da wayoyin masu wucewa, ka tambayi kanka nawa ne daga ciki ya fito daga Spotify. Mutanenka suna karɓar waƙa ta Xender, ta WhatsApp, ta katin memori da aka cika musu a wurin masu turi, ta bakin DJ a wurin biki. Waɗanda ke da data suna Audiomack da YouTube da TikTok. Shi kansa YouTube, kafin ya fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyoyi, yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Yi lissafi: in waƙarka minti huɗu ce, sai an kalle ta daga farko har ƙarshe sau 60,000. Abokan majalisa ba za su iya maka wannan ba ko sun kwana suna dannawa.

Saboda haka mai turi da DJ da direban Napep su ne gidan rediyonka na farko, kuma magana da su fasaha ce mai zaman kanta. Da yawa daga cikin mawaƙa kallon ɓarayi suke yi wa masu turi, kuma ta fuskar doka suna da hujja, tunda akwai dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Sai dai ga wanda ba a san shi ba tukuna, mai turin da ya saka waƙarsa a cikin katin mutum ɗari ya yi masa aikin da ba zai iya biya ba. Ka je da ƙafarka, ka gaisa, ka ba shi waƙar mai kyan sauti, da sunanka da sunan waƙar a rubuce daidai a jikin fayil ɗin. Wannan ƙaramin abu ne amma wallahi yana kashe mutane: waƙa ta yi tashe a gari, a waya kuma sunanta wasu lambobi ne da haruffa, mai neman mawaƙin biki ya rasa wanda zai kira. Ka ambaci sunanka a cikin waƙar ma, ba abin kunya ba ne, magabata sun yi. Haka in za ka aika wa mai gabatar da shiri a Companion FM ko Vision FM, sallama da gabatar da kai da layi biyu a kan abin da waƙar ta ƙunsa sun fi "oga ga sabuwa" da ƙarfe ɗayan dare.

Babu wanda ya nuna ƙarfin magana da jama'a, da kuma haɗarinta, kamar ɗan jiharmu Dauda Kahutu Rarara. Shi mawaƙin siyasa ne, yana da iyayen gida, ba sa'an mai farawa ba ne, amma labarinsa na kowa ne. A 2020 ya fito ya ce masoyan Buhari su tura masa naira dubu-dubu kafin ya saki sabuwar waƙa, jaridu suka ruwaito miliyoyin naira sun taru cikin 'yan kwanaki. Ya san mutanensa, ya san abin da zai ce musu, ya kuma nemi abin da kowa zai iya bayarwa. Shekara huɗu bayan haka, a Yulin 2024, ana tsakiyar kukan tsadar rayuwa, ya saki waƙar yabon Shugaba Tinubu. Matasa suka yi gangami suka yi ta kai ƙarar shafinsa, Facebook ya sauke shi, shafin da ke da mabiya sama da miliyan. Kana iya cewa an zalunce shi, kana iya cewa shi ya jawo, wannan muhawarar ta masu siyasa ce. Abin da ya shafe mu shi ne jama'ar da ta tara masa kuɗi da wadda ta rufe masa shafi duk a waya ɗaya suke, kuma bambancin lokutan biyu shi ne yanayin cikin mutane a ranar. Sanƙiran kirki yakan leƙa fuskar taro kafin ya buɗe baki.

Wannan labarin ya kuma tuna mana cewa shafi zanen aro ne, ba ya rufe katara. Mu a jihar nan mun ga an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, a shekarar da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter na tsawon wata bakwai. Mawaƙin da ke da lambobin mutum ɗari biyu da suka taɓa zuwa wasansa ko suka taɓa kiransa biki, yana gaishe su da salla, yana tura musu waƙa kafin kowa, ya fi mai mabiya dubu hamsin da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba tsayuwa da ƙafarsa.

Zagi kuwa zai zo, tabbas. Wanda ya ce sautin bai fita ba ko baitin na biyu ya yi tsawo, gyara ya ba ka kyauta, ka karɓa. Wanda ya zagi iyayenka, goge ka wuce. Abin da ba ya biya shi ne hawa laif da dare kana rama wa mutum ɗaya, mutum dubu suna ɗauka suna ajiyewa. Kuma a tuna a Katsina ake. Abin da ka saka a TikTok, kafin magariba ya isa wayar kawunka da limamin unguwarku, ga Hisbah a jihar yanzu, ga ta Kano da hukumar tace fina-finai da suka sha taka wa waƙoƙi birki. Ba cewa nake kowa ya koma wa'azi ba. Cewa nake ka san kalmar da za ka iya tsayawa a kanta a zauren gidanku. Ke kuma 'yar'uwa mai waƙa, kin riga kin san naki awon ninki biyu ne, har da abin da ba ki faɗa ba za a ce kin faɗa, don haka ki riƙa fayyace maganarki da kanki tun kafin wani ya fassara miki ita.

Akwai wata dukiya da yaran Katsina ke zubarwa da gangan, wato bakinsu. Da an kunna makirfo sai ka ji an koma Kananci ko an shiga Turancin da bai zauna ba, kamar "zamna" da "tahi" abin ɓoyewa ne. Alhali kunnen da ya fi kusa da wannan harshen yana nan ƙetaren Jibiya. Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, dangi ne, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, kuma suna sauraron waƙar Hausa kamar yadda muke yi. Mawaƙin Ƙofar Guga da ke mafarkin Legas, wadda ba ta jin abin da yake faɗa, bai taɓa gaishe da mutanen Maraɗi da Tasawa da Damagaram da suna a bidiyonsa ba, bai sa lambar da za a same shi ta WhatsApp daga can ba, bai kuma taɓa tambayar nawa ake biyan mawaƙin biki da sefa ba.