Wutar cikin jiki da wutar cikin kasko

Kusan duk shekara, idan hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, mukan ji labarin gidan da aka kwanta lafiya aka wayi gari da gawa, ba jinya, ba rauni, sai kaskon gawayi da ya zama toka a tsakar ɗaki. Kafin mu gane abin da ke faruwa a irin wannan dare, sai mun fara da abin da ido ba ya gani, wato ƙwayar halitta.

Jikin babban mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya raɗa musu suna a 1665, bayan ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma ya ga ƴan ramuka a jere. Ya kira su da kalmar da ke nufin ɗan ƙaramin ɗaki, ita ce cellule da yaranmu ke karantawa a lakkol. Ƙwaya tana da siririyar fata mai zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita, da cibiya inda aka adana bayanan gado, da kuma wasu ƴan jakunkuna da ake kira mitokondiriya. Su ne murhun ƙwayar, a kansu kuma za mu dakata.

Tuwon da muka ci, ko fura, ko shinkafa, hanji kan narkar da shi ya koma sukari, jini ya rarraba shi ga ƙwayoyin jiki. Sai dai ƙwaya ba ta iya aiki da sukarin yadda ya zo, kamar yadda ba a sayen gishirin dala biyar da takardar jika goma sai an nemi canji. Canjin nan shi ne wani sinadari mai suna ATP. Da shi zuciya ke bugawa, da shi hannu ke ɗaga taɓarya, da shi ƙwaƙwalwa ke tunani. Idan babu iskar oksijin, ATP 2 kacal ake samu daga kowane guntun sukari. Idan kuwa akwai ta, mitokondiriya kan ƙarasa ƙone shi a hankali, mataki bayan mataki, ba harshen wuta ba hayaƙi, har a samu kimanin 30. Abin da ya rage shi ne ruwa, da iskar da muke fitarwa wajen numfashi, da ɗumin da muke ji a jikin mai rai.

Jiki yana da rumbun abinci, wato kitse da sukarin da hanta ke ajiyewa, shi ya sa mutum kan wuni bai ci ba kuma yana harkarsa. Amma ba shi da rumbun oksijin, ba shi da na ATP. Ana ƙera shi ne ana kashewa nan take, har masana suka ƙiyasta cewa abin da jiki ke juyawa a rana guda ya kusa nauyin mutumin kansa. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, ita kaɗai ke cin kusan kashi 20 na oksijin da muke shaƙa. In ya yanke mata, cikin daƙiƙoƙi mutum zai suma, cikin ƴan mintoci ƙwayoyinta su fara mutuwa.

To, mu koma ga kasko. Gawayi in yana ci a ɗakin da aka rufe ƙofa aka toshe taga da tsumma, ba ya samun iskar da zai ƙone sarai, sai ya riƙa fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Da yawa daga cikinmu mukan jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, sannan mu shigar da kasko, muna ganin haɗari ya wuce. Wannan kuskure ne mai tsada, domin jan garwashi bai daina fitar da ita ba.

Masanin nan ɗan Faransa, Claude Bernard, ya bayyana a 1857 cewa wannan iska tana kama himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, wanda aikinsa dakon oksijin ne daga huhu zuwa ƙwayoyi. Riƙon da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200, saboda haka ƴar kaɗan ta isa ta tare gurbi ta ƙi tashi. Takan kuma shiga mitokondiriya ta tsayar da matakin ƙarshe na aikinta. Mutum yana numfashi, cikinsa cike da tuwon dare, amma murhun ƙwayoyinsa yana mutuwa, barcin da ke ɗibarsa kuma ba zai bar shi ya miƙe ya buɗe ƙofa ba.

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake ɗaukarsu zazzaɓin cizon sauro. Abin lura shi ne in ƴan ɗaki ɗaya suka kamu lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da fitarsu waje. Mun fi jin tsoron ɗakin maijego, inda al'ada ta saba da ajiye wuta a rufe ko'ina, alhali jinjiri ya fi kowa rauni gaban wannan iska. Haka ma mai ciki da abin da ke cikinta. Injin wutar lantarki da ake tayarwa a zaure ko a shago rufe, shi ma ita yake fitarwa.

A ɗumama ɗaki taga na buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta. In an tarar da mutum a sume, a buɗe ƙofa da taga, a ɗauko shi zuwa fili, kada a ɗura masa madara ko ruwa, domin za su iya bi ta huhu. A garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo. A iskar waje, jini kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya rabu da rabin gubar. Da oksijin na asibiti, abin bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba.