Lambar IP taka kai kaɗai: wa ya riƙe ta kafin kai?

Maganar wannan makon ta waɗanda suka buɗe wa kasuwancinsu shafi a intanet ce, kuma yanzu mun yi yawa, tun daga masu shadda da atamfa a Kwatano har masu kayan gyaran mota a Kumasi. Galibi yaranmu ne suka buɗe mana, mu namu biyan kuɗi duk shekara. To a takardar biyan nan akwai wani abu da kamfanonin ajiye shafi ke yawan tallata mana: wai ka ƙara kuɗi kaɗan a ba ka lambar IP taka kai kaɗai.

Sunan shafinka kamar allon da ke ƙofar shago ne. Ainihin adireshin da kwamfutoci ke bi lamba ce mai kashi huɗu da ɗigo a tsakani, ita ce IP. In ka karɓi ajiya mai araha, gidan haya aka saka ka, kai da ɗaruruwan shafuka kuna amfani da lamba ɗaya. Wani a cikinku ya kama watsa saƙonnin damfara ta imel, sai ƙungiyoyi irin su Spamhaus su sa lambar a baƙin littafi, kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba saƙonka ya daina isa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Nan ne mai talla zai ce ka fita daga haya ka karɓi taka. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma akwai abin da ba ya faɗa.

Lambar da za a ba ka ba sabuwa ba ce. Irin waɗannan lambobi, da ake kira IPv4, duka-dukansu kamar biliyan 4.3 ne, kuma tun watan Fabrairun 2011 hukumar da ke raba su a duniya ta raba na ƙarshe ga hukumomin nahiyoyi, har da AFRINIC ta Afirka da ke tsibirin Moris. Saboda haka gwanjo ake juyawa. Duk wanda ya taɓa sayen sabon layin waya, kwana biyu aka fara kiransa ana neman wani da ya ci bashi, ya gane abin da nake nufi.

Ni na gani a kaina bara. Kamfanin da ke ajiye mini shafi, ba zan kama suna ba, ya mayar da ni kan lambata. Cikin mako guda saƙonnin da nake aika wa mai ba ni kaya a Guwanzu suka riƙa dawowa da lamba 550 a samansu, wato an ƙi karɓa. Ina jiran ya tabbatar mini da farashi kafin jirgin ruwa ya tashi, shi kuma yana can yana zaton na fasa. Da ba don WhatsApp ba, da kayan sallah sun iso bayan sallah. Da ɗana ya sa lambar a shafin MXToolbox, inda ake dubawa kyauta, sai ga ta a baƙin littafi tun kafin ta zo hannuna.

Sai aka shiga rubuta wa masu kula da abokan ciniki na kamfanin, kuma nan ne ake gwada haƙurin mutum. Wanda ya fara amsa maka yawanci ba shi da ikon taɓa komai, amsoshi ne aka shirya masa yana kwafowa. Zai ce ka share tarihin burauzarka, ko ka jira awa 24 zuwa 48 canjin ya bazu. Jiran nan gaskiya ne in yanzu aka sauya lamba kuma shafin ne ba ya buɗewa, amma ba shi da haɗi da baƙin littafi, ko shekara za ka yi kana jira. Kada ka yi faɗa da shi, yaron shago ne, ba mai shago ba. Kuma kada ka cika masa takarda da gaisuwa da labarin asarar da ka yi, abin da muka saba da shi a kasuwa. Can ba mai karantawa. Ka rubuta sunan shafin, da lambar, da ranar da abin ya fara. Ka manna saƙon da ya dawo maka gaba ɗayansa, kada ka taƙaita, don a cikinsa dalilin yake. Sannan ka faɗi abu ɗaya da kake so: a fitar da lambar daga baƙin littafi, ko a canza maka wata mai tsabta. In ya sake turo maka amsar jiya, ka ce a miƙa maganar ga injiniyoyi. Duk ka yi wannan a ƙarƙashin lambar koke ɗaya, don in ka buɗe sabo, sabon mutum za ka samu, ku faro daga Bismillah.

Ko lambar na da tsabta, akwai sauran aiki. Ka ce su gyara maka abin da suke kira PTR, mai nuna cewa lambar da sunan sun dace, su kuma sa sabuwar lambar a SPF na shafinka. Tun Fabrairun 2024 Gmail ta tsananta a kan waɗannan, saƙon da bai cika sharaɗi ba yakan faɗa kwandon shara ko ya dawo. Kuma kada ranar farko ka aika wa mutum dubu talla, a hankali ake sabawa da baƙo.

Wasu za a ce musu sai da lambar kansu za su sami ɗan kwaɗon nan da ke fitowa gefen sunan shafi. Wannan zancen da ne. Yau shafuka da yawa na zaune kan lamba ɗaya kowa da kwaɗonsa, Let's Encrypt ma kyauta take bayarwa. Wanda na ga tana yi wa amfani shi ne mai aika imel da yawa kullum, ko wanda banki ko kamfanin karɓar kuɗi ya ce sai ya kawo lamba tsayayya kafin su haɗa shi da na'urarsu. Mai shafin hotunan kaya da lambar waya kuwa, a ganina ya bar kuɗinsa a aljihu. In kuma dole ce, ka sa su faɗa maka lambar kafin ka biya, ka ba yaro ya duba ta, minti biyu ya isa.