Tukunyar Suya Da Iska: A Auna Kafin A Saya

Yau ina so mu yi magana a kan wata baƙuwa da ta shigo mana cikin birni, watau tukunyar nan ta lantarki mai suya da iska, wadda 'yan kasuwa suke kira eya-firaya.

Abin da ya jawo maganar, kwanan baya na je jeren wata amarya a cikin gari. Ina leƙa ɗakin girki sai na tarar mata sun kewaye tukunyar, ana ta yaba girmanta. Can uwar amarya ta ja ni gefe ta ce, "Wallahi Yaya, bashi aka ci aka sayo ta, don kada dangin miji su raina mu." Alhali kuwa gidan da aka kai yarinyar sai a wuni ba a ga wutar lantarki ba. To, wannan shi ne abin da ya dame ni.

Bari mu fara sanin ita kanta tukunyar. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da ita a wani bajen koli a birnin Balin na Jamus cikin 2010. A cikinta akwai ƙarfe mai ɗaukar zafi, da fanka a samansa wadda take kaɗa iska mai zafi, har digiri 200, ta zagaye abincin da ke cikin kwando. Watau in an bi gaskiya gashi take yi, ba suya ba. Shi ya sa cokali ɗaya na mai ya isa a shafe kaza ko kifi ko dankali, su fito rau-rau kamar an tsamo su daga kasko.

Haƙiƙa wannan amfani ne babba. Mu Kanawa garin dalar gyada muka tashi, ba ma ganin abinci ya yi kyau sai yana ninƙaya cikin mai. Ga tsadar man, ga kuma ɗabi'ar maimaita shi sau da yawa har ya yi baƙi, wadda likitoci suke hanawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada mai da kitse su wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa. Gidan da maigida yake fama da hawan jini ko ƙiba, lalle tukunyar nan za ta taimaka. Kuma babu fallatsin tafasasshen mai a jikin yara masu rarrafe.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Na farko, cin wuta gare ta. Yawancinsu suna jan wajen wat 1,500, ƙaramin janareton nan na gida kuwa bai kai wat 1,000 ba, don haka ba zai iya ɗaukarta ba. A tsarin da hukuma ta yi, an kasa masu shan wuta rukuni biyar: 'yan rukunin A aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, na ƙarshe awa 4. Cikin Afrilu 2024 aka mai da kuɗin rukunin A naira 225 kowane yunit. A wancan farashi, girkin rabin awa bai kai naira 200 ba, ya fi kwalbar mai araha nesa ba kusa ba. Sai dai arahar ta mai wuta ce. Wadda aka ɗauke mata wuta kaza tana tsakiyar dahuwa, ai dole ta koma ga gawayinta.

Na biyu, ba don abincinmu aka ƙera ta ba. Ƙullun ƙosai ruwa-ruwa ne, in kin zuba shi sai ya tsiyaye ta ramukan kwandon. Funkaso da alkaki da dubulan sai da mai mai yawa, waina kuwa sai tanda. Na uku, cikinta kaɗan ne. Gidan da ake ɗora wa mutum goma sha biyar tukunya, yaushe za a gama? Balle ranar babbar salla, da ake soya ragon layya guda a babban kasko don naman ya yi watanni bai lalace ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, tukunyar nan mataimakiya ce, ba magajiyar kasko ba, kuma ba ta cancanci a mai da ita farilla cikin kayan ɗaki ba. Mu tuna zamanin iyayenmu, da ake cika ɗaki da langa da fanteka har rufi, ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba, sai goge ƙura. Kada mu sake wannan da kayan lantarki, muna jefa iyaye maza cikin bashi don gasa.

Wadda take da wuta da hali, ta saya, Allah ya sa albarka. Amma ta kula: kada ta cika kwandon maƙil, ta riƙa girgiza shi tsakiyar girki, ta janye tukunyar daga jikin bango, kada ta haɗa ta a waya ɗaya da dutsen guga, kuma kada ta kankare kwandon da soson ƙarfe. Wadda ba ta da ita kuwa, kada ta damu. Ta rage mai da hannunta, ta riƙa gashi da farfesu da turara kifi, ta tsane suya a matsami. Lafiyar da ake nema za ta samu ba tare da bashi ba.

Ku kuma 'yan mata, ku fara ƙwarewa a murhu da kasko tukuna. Wadda ta iya girki, ko a kan duwatsu uku za ta ciyar da gida.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.