KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁE KUƊI

Ya 'yan'uwa na rassan Tsarnawa, Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, muna so ku karanta wannan a taron reshe, ku fassara wa wanda bai iya karatu ba.

A ƙarshen watan Agusta na 1944, cikin Yaƙin Hitila, wani Janar na Jamus mai suna Elster ya taso daga kudancin Faransa da mutane wajen 20,000 yana neman hanyar gida. 'Yan sari-ka-noƙe na Faransa suka tare shi, jiragen sama suka hana shi sakat. Da ya ga ba mafita sai ya yarda ya ajiye makamai, amma ya ƙi miƙa wuya ga talakawan da suka tare shi. Ran 16 ga Satumba, a Beaugency bakin kogin Loire, ya sallama wa Janar Macon na Amurka. Waɗanda suka kwana a daji ko kallo ba su samu ba.

Mu wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. Sojan baƙar fata na cikin waɗanda suka ƙwato Toulon da Marseille a Agusta 1944. Da nasara ta matso, sai aka janye su daga fagen fama, aka ba Turawa kayansu. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, waɗanda suka nemi haƙƙinsu aka buɗe musu wuta. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne. Dokar 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojanmu, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, bayan ƙasa ta rufe idon yawancinsu.

To, ina darasin? Wanda ya riƙe alƙalami ranar sa hannu, shi tarihi ke tunawa. Wanda bai rubuta aikinsa ba, wani zai ci ladan.

Saboda haka muna umartar kowane reshe ya buɗe littafi. A bi gida gida, a rubuta sunan duk wanda aka ɗauka soja, da garinsu, da shekarar tafiyarsa, ko ya dawo ko bai dawo ba. Mai takardar sallama ko lambar girma ya kawo a kwafa, a mayar masa da abinsa. Tsofaffin da suka san sunayen nan suna ƙarewa. Kada mu jira wani ya rubuta mana.

Allah ya jiƙan mazan jiya.