Kalmar "Fine" Da Gaisuwar 'Ya'yanmu



Yau ina so mu ɗan tattauna a kan wata 'yar kalmar Turanci da babu ranar Allah da ba ta faɗawa kunnenmu a nan kudu, wato "fine". Ka tambayi yaro yaya makaranta, fine. Yaya jiki, fine. Saurayi ya hango budurwa ya ce fine girl, ma'ana kyakkyawa. Mai sayar da yadi ya ce maka zaren fine ne, wato siriri mai laushi. Maƙerin zinariya kuma idan ya faɗe ta yana nufin tatacciya ce, irin wadda ake buga wa lamba 999. Sannan ka yi kuskuren ajiye mota inda aka hana, a miƙo maka takarda a ce ka biya fine, wato tara. Jama'a, ina kyau ina tara?

To ashe uwarsu ɗaya. Asalin kalmar daga harshen Latin na mutanen Rum ne, "finis", ma'ana ƙarshe ko iyaka. Daga nan ta shiga Faransanci, su kuma Turawan Ingila suka are ta bayan da Normawa masu jin Faransanci suka ci ƙasarsu da yaƙi a 1066, ta yadda zuwa wajejen 1300 ta riga ta zauna daram a bakinsu. Abin da ya kai ƙarshe a wajen aiki, babu sauran gyara, shi ne fine. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurin Bahaushe, don mu ma mukan ce wance ta kai maƙura a kyau, ko kuwa wannan doki ƙarshe ne. Ita kuwa tara, kuɗin da ake biya ne a kashe magana a gaban alƙali, a kawo ƙarshen shari'a. Hatta "finish" da "final" da "finance" duk 'yan gida ɗaya ne.

Abin da ya dame ni shi ne yadda kalmar da a da take nufin ƙarshen kyau ta koma abin sallamar mutum. Idan Bature ya ce fine a taƙaice, sau da yawa nufinsa a bar maganar. Su kuma yaranmu da aka haifa a nan sun ɗauke ta sun ɗora a gurbin gaisuwa gaba ɗaya. Kakarsu ta bugo waya daga gida, ta jero ina kwana, ina gajiya, yaya karatu, amsa ɗaya tak take samu, sai shiru.

Na san wani zai ce ai mu ma "lafiya lau" muke cewa ko muna kwance a gadon asibiti. Gaskiya ne. Lafiyar ma aro ce daga Larabci, kuma maƙwabtanmu Yarbawa suna da tasu "alaafia" daga tushe guda. Amma gaisuwarmu ba ta tsayawa a tambayar farko. Bayan lafiya lau akwai yaya iyali, yaya mai jiki, yaya muka ji da haƙuri. A nan ne za ka ji an ce "da sauƙi" ko "sai godiya", kai kuma ka gane akwai magana, ka gyara zama. Tsawon gaisuwar shi ke ba mai damuwa damar fitar da ita ba tare da ya zubar da girmansa ba. Yaron da bai iya wannan ba, ran da mahaifinsa zai ce masa "da sauƙi-sauƙi dai", zai ɗauka komai ƙalau ne ya ajiye waya.

Ban ce a hana su Turanci ba, don a garin nan wanda bai iya shi ba ko Yarbanci, ko cinikin tumatir a Bodija sai ya ba shi wuya. Ra'ayina dai, fine ta tsaya a bakin zaure, cikin gida a durƙusa a gaida manya da Hausa har ƙarshen gaisuwa.

Ku kuma dattawanmu, don Allah idan likita ya tambaye ku yaya jiki, a daina ce masa fine saboda kawaici. Shi ba gaisuwa yake yi ba, abin da kuka faɗa shi zai rubuta a kati. In Turancin ya gaza, a tafi da yaron da zai yi tafinta, a nuna masa daidai inda ke ciwo.